Iya Mai Wanki, Wadda Kamfani Ya Ce Bai Sani Ba

Haihuwa da Tasowa

An haifi marigayiya, wadda aka fi sani da Iya Mai Wanki, a shekarar 1952, a wata unguwa da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta kuwa mai kitso. Ta yi karatu zuwa aji huɗu, aka cire ta lokacin da idon mahaifin ya daina ganin kafar allura.

Aure da Sana'a

A shekarar 1971 aka ɗaura mata aure da wani mai yankan silin a masana'antar asbestos (wani ma'adini mai ƙura da ake yin silin da shi), wanda abokan aikinsa ke kira Dattijo tun yana saurayi, saboda farar ƙurar da ke kwanta masa a kai da gira. Suka tare a ɗaki ɗaya cikin barikin ma'aikata. Kullum da yamma takan karkaɗe rigar aikinsa a bakin ƙofa kafin ta jiƙa, ƙura ta tashi kamar ana tankaɗe. Da gwaurayen bariki suka ga hasken wankinta sai suka riƙa kawo nasu, ta haka ta samu sana'a da suna. Babu mahalukin da ya taɓa gaya mata illar wannan ƙura, alhali manyan kamfanin da hankici suke toshe hanci idan za su ratsa ɗakin yanka.

Rasuwar Maigida

A 1996 tari ya kwantar da Dattijo, aka ce tarin fuka ne, bai kai ƙarshen shekarar ba. Kamfani ya aiko da agogon bango na ta'aziyya, tare da umarnin a bar ɗaki. Da sabulu da dutsen guga ta ƙarasa rainon marayunta.

Jinya da Gwagwarmaya

A 2008 numfashinta ya fara gajarta, har aka riƙa zuƙe mata ruwa daga ƙirji. Likita ya tabbatar da mesotiliyoma, wato ciwon dajin da ke kama fatar da ta lulluɓe huhu, sannan ya tambaye ta:

"Iya, kin taɓa aiki da asbestos?"

"Ni? Wanki kawai nake yi, ɗana."

"Kayan su wa?"

Sai ta tuna da rigunan ma'aikatan da ta yi shekaru tana wankewa, ta ce, "Ashe ajalina nake karkaɗewa."

Ɗanta direba ya kai kuka ga kamfanin, lauyansu ya ce ba su taɓa ɗaukar mace aiki ba, don haka ba su san ta ba. Da labari ya iso mata sai ta ce, "Da riga ta yi dauɗa ai sun san ƙofata."

Daga kan gadon jinya ta sa aka tattaro matan tsohon bariki da zawarawansu. Suka kafa ƙungiyar taimakon juna, suka sayi tukunyar iskar numfashi guda ɗaya da ke zagaya gidaje, suna karɓa-karɓar kwana da majinyata. Sau da yawa ta sa an ɗauke tukunyar daga gefenta an kai wa wanda ya fi ta galabaita.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa da hantsin wata Talata a shekarar 2010, a zaune, domin kwanciya ta daɗe da gagararta. Aka yi jana'izarta bayan azahar, aka binne ta kusa da mijinta. Kamfani bai turo kowa ba.

Ta bar 'ya'ya huɗu: direban, da malamar makaranta, da Auta mai gyaran rediyo, sai babbarsu, Yaya, wadda tun tana 'yar shekara bakwai take taya ta karkaɗe kaya, wadda a halin yanzu take jiran sakamakon hoton ƙirjinta.