Jajen Doki a Zauren Malam

Shekaranjiya wani mai kura ya wuce ta ƙofar gidana da lodin harawa, ƙamshinta ya biyo ni har tsakar gida. Ina riƙe da buta na tsaya cak kamar wadda aka kira. Ƙamshin rigar Baffa ne, ƙanen mahaifina, wanda Allah ya yi wa rasuwa a daminar da ta wuce. Ku da murya kuka san shi a rediyo. Ni da hanci na fara saninsa: harawa, da gumin doki, da ɗan turaren da yake shafawa wai don ya rufe su, bai kuwa taɓa rufe komai ba.

A unguwar Soron Ɗinki ta Kano na tashi, a gidan kakana wanda kowa ke ce wa Malam. Kakanninsa daga Barno suka zo da allo da tawada, kuma a ganinsa ɗan da aka haifa a gidan nan, in ba karatu ba to fatauci. Sai ga autansa, Baffa, ya gama boko ya kama aiki a gidan rediyo, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Malam ya ce wannan ai roƙo ne aka sa wa waya, ɗan malami ba ya ɗaga murya a gidajen mutane. Bai gama hucewa ba sai ya ji Baffa ya mallaki doki yana sa shi a sukuwa, inda wasu ke caca a gefe. Daga nan ya ɗauke masa wuta.

Ba zagi, ba kora. Kowace safiya 'ya'yan gidan kan durƙusa a bakin zaure su gaishe shi, shi kuma ya sallami kowa da “Allah ya yi maka albarka.” In an zo kan Baffa sai ya ce “Lafiya,” ya mai da ido kan littafi. Baffa bai fasa durƙusawa ba ko rana ɗaya. Na san abin yana cin ransa, don na sha ganinsa ya tsaya a soron ciki yana ta gyara hular da ba ta karkace ba.

Rediyon wancan zamani akwatin katako ne da ake jawo wa waya daga titi. Malam ya ce wayar ba za ta bi ta kan zaurensa ba, sai aka zagayo da ita ta katangar maƙwabta har ɗakin kakata, Iya. Da la'asar sakaliya matan gida da na maƙwabta sukan cika ɗakin, wata da tsintar shinkafa, wata da kitso rabi a kai. Da Baffa ya yi sallama a akwatin, Iya za ta amsa masa da ƙarfi, wani lokaci har ta ƙara da, “Ka dai ci abinci ko?” Yakan karanta labarai da sanarwa da gaishe-gaishe. In zai rufe kuma sai ya ce, “Bidi ma yana gaishe ku.” Dokinsa ke nan, da launinsa yake kiransa. Har gari ya saba, yara suna bin Baffa a lungu suna cewa a gai da Bidi.

A gidan abokinsa can wajen Ƙofar Kabuga aka kafa wa dokin turke, tunda namu gidan ya fi ƙarfinsa. Sau ɗaya ya taɓa kai ni. Na ga mutumin da duk Kano ke saurara ya tuɓe riga yana kwashe kashin doki, yana dama masa dusa da kanwa, yana yi masa hira ƙasa-ƙasa. Na ce masa ai Bidi ba ya jin Hausa. Ya ce, “Ya fi wasu ji.”

Bayan an gama ɗibar gyaɗa a wata shekara aka yi babbar sukuwa. Mu mata ba ma zuwa, a akwati muke jiran labari. Da yamma Baffa ya yi sallama kamar kullum. Ya faɗi dokin da ya zo na ɗaya, ya yaba shi, ya yaba mahayinsa, ya taya mai shi murna. Sannan ya ce doki ɗaya ya faɗi a kwanar ƙarshe ya karye a ƙafa, mahayin ya tashi lafiya, dokin kuwa an hutar da shi. Ya wuce kan sanarwar allurar shanu. Bai ce nasa ba ne. Amma da ya zo rufewa ya yi sallama kawai, babu gaisuwar Bidi. Iya ta dafe ƙirji ta yi salati. Ni kuka na fashe da shi.

Babu wanda ya iya tunkarar Malam da maganar. Baffa ya dawo ya shige ɗakinsa, tuwonsa ya kwana a rufe.

To, kun san al'adarmu: in asara ta faɗa wa ɗan gida, wurin maigida ake zuwa jaje. Gari na wayewa, ina shara a bakin zaure, wani dattijo da ba mu sani ba ya yi sallama ya zauna.

“Malam, ya muka ji da wannan abu? Allah ya mayar da alheri.”

Malam ya amsa da amin, ya dube shi, ya dube ni. Kafin ya yi wata magana wasu biyu sun shigo da irin wannan addu'a. Ya yafito ni, ya rage murya ya ce, “Shiga ki tambayi kakarki, me muka rasa?”

Har yau in na tuna tambayar nan sai tausayinsa ya kama ni. Gari duka ya san abin da ya sami ɗansa, shi kaɗai ne bai sani ba, kuma a gidansa abin yake.

Na dawo na raɗa masa. Fuskarsa ta yi kicin-kicin, amma baƙo ya riga ya zauna a tabarmarka, ba ka cewa ba ruwanka da dokin. Haka ya zauna yana karɓa. Kafin hantsi zaure ya cika, an shimfiɗa tabarmi a waje. Ga 'yan kasuwa, ga masu dawaki, ga mutanen unguwar Zaitawa, ga mata suna aiko yara da goro. Wani Bafulatani da sandarsa ya ce da muryar yaron nan aka shawo kansa ya kai shanunsa allura, shekarar da ciwo ya kwashe na maƙwabtansa. Wani makaho da jikansa ya jawo ya ce, “Malam, ni tun da idona ya rufe, ɗanka ne ke zagayawa da ni gari.” Malam yana ta “mun gode, mun gode,” muryarsa tana ƙara yin ƙasa.

Baffa bai fito ba. Kunya ce ta riƙe shi, a ganinsa ya tara wa mahaifinsa jama'a a kan abin da ya fi ƙi. Can Malam ya ce a kira shi. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba. Malam ya matsa gefe a kan buzunsa, ya nuna masa wurin. Nan ya zauna har aka yi azahar.

Da mutane suka ragu, Malam ya tambaye shi wa zai yi magana a akwatin yau. Baffa ya ce ya roƙi abokin aikinsa ya karɓe shi, shi ba zai iya ba.

“Mutanen nan ba don abokin aikinka suka zo ba,” in ji Malam. “Tashi ka wanke fuska ka tafi. Allah ya yi maka albarka.”

Baffa ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Bai yi wa Bidi kuka a gaban kowa ba, amma a nan ya kasa riƙewa.

Kada ku zaci Malam ya sauya ra'ayi. Har ya koma ga Allah waya ba ta bi ta kan zaurensa ba, kuma yana nan a kan cewa sukuwa maƙwabciyar caca ce. Baffa ma bai daina ba, ya sake yin dawaki, ya tsufa a bakin filin sukuwa, ana ɗauko masa kujera.

Yanzu kowa da rediyonsa a aljihu, kowa ma mai watsa labari ne, jaje kuma a waya ake turo shi a wuce. Sanarwar rasuwar Baffa wani yaro ne ya karanta ta da sauri tsakanin talla biyu, na ji haushi ƙwarai. Amma ba ita ce ta zauna mini a rai ba. A ziyarata ta ƙarshe wurin Baffa, yana kwance, murya ta shige, na tambaye shi ko bai taɓa jin ciwo ba cewa mahaifinsa bai saurare shi a akwati ba ko sau ɗaya.

“Na ji mana,” ya ce. “Amma tun daga ranar nan, duk sanda na zauna zan yi magana, na san shi ne ya aike ni.”