Hannun Zalika da Bai Ga Lalle Ba

Kafin masu shagunan Deira, can ƙasar Larabawa, su ɗaga ƙofofinsu, Zalika ta riga ta tsaya a bakin titi a Al Qusais tana jiran motar ma'aikata, da 'yar kular abincinta a hannu. Ba kwalli a idonta, ba zobe a yatsa, ba ɗigon turare a mayafinta. Wanda ya san matan garinsu Damagaram, waɗanda ƙamshin humrarsu ke riga su yin sallama, shi zai gane wannan ba ƙaramin abu ba ne. Motar takan sauke ta a bayan rumbunan kaya, ta wanke hannu har gwiwa, ta shiga farar rigar da ke rufe mutum ruf, sai ido kawai. Daga nan har la'asar ba hira, domin ko feshin yawun magana ba a so a ɗakin aikin.

Abin da take yi wata 'yar jaka ce ta roba mai laushi. Idan wuta ta ƙona mutum ta bar masa tabo, likita kan cusa jakar a ƙarƙashin lafiyayyar fatar da ke kusa, ya riƙa ɗura mata ruwan gishiri kaɗan-kaɗan da allura. Fatar sai ta miƙe kamar ta cikin mai juna biyu. In ta isa, a zare jakar, a jawo sabuwar fatar a rufe tabon. Zalika ce ke tsoma ƙirar ƙarfe cikin narkakkiyar robar, ta bari ta tsane, ta sake tsomawa, a gasa, ta ɓare a hankali, ta hura a cikin ruwa ko za ta ga kumfa, sannan ta ɗaga gaban fitila. Silin gashi ɗaya in ya maƙale, jakar ta tashi aiki, domin cikin jikin ɗan wani za ta kwana wata da watanni. Shi ya sa dokar wurin ta hana turare da kwalli da lalle.

To, matanmu na Deira ba su san wannan ba, kuma ba su cika tambaya ba in suna da amsar da ta fi daɗin faɗa. Sun ji mijinta ya rasu tun a gida, sun gan ta ba ado, sai suka yanke cewa takaba take yi. Da shekara ta zagayo ba ta canja ba, suka ce takabar Zalika ba ta da ranar fita. Ita ma dai ba ta taimaki kanta ba. Mace ce mai gajeren zance, irin wadda in ka tambaye ta hanya sai ta nuna maka da leɓe.

Mutum ɗaya ce ta jawo ta jiki, Hajiya Mero, Bakanuwa mai safarar atamfa da mayafai. Duk Juma'a a gidanta na Al Khabaisi Zalika ke cin tuwo, can take jin Hausa ta cika mata kunne, can kaɗai ake jin dariyarta. Da auren 'yar Hajiya ya tashi, ta zaunar da Zalika kusa da ita ranar lalle, a gaban dangin ango da suka taso tun daga Kano.

A makon ne kuma aka kawo aikin gaggawa, ƙananan jakunkuna na yara, waɗanda ba kowane hannu ke iya ɓare su ba tare da sun yage ba. Wadda ta sa lalle ba ta shiga ɗakin sai ya goge, yaran kuwa an riga an sa musu rana da likita. Da kwanon lallen ya iso gabanta, Zalika ta mayar da hannuwanta cikin mayafi.

"Haba ƙawata, yalla miƙo. Ko shwaiya ne, ɗan kaɗan, a ɗan yatsa," in ji Hajiya Mero.

"Pardon, Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Gobe akwai aiki."

"Aiki ya fi 'yata ke nan. Khalas, shi ke nan, Allah ya ba ki haƙuri."

A wajenmu ƙin lallen biki ƙin bikin ne. Wata cikin baƙin ta yi raɗa cewa ai ba a kawo mai takaba wajen lalle, raɗar da har mai kiɗan ƙwarya ta ji. Zalika ta so yin bayani, amma yaya za ka faɗa wa uwar amarya a gaban surukanta cewa roba ce ba ta son lalle? Ta ajiye gudummawarta, ta fita. Daga baya ta je har ƙofar gidan ba sau ɗaya ba, ana cewa Hajiya ta tafi kargo wajen aika kaya. Tun daga nan Juma'arta ta koma ɗakinta, ita da rediyo da tukunyar mutum ɗaya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma har yau bai daina ba.

Chamsou, direban motar ma'aikatan, ya ce bai taɓa jin ta ambaci Hajiya da mummuna ba. Shi ne kuma ya ba da labarin ranar da motarsu ta lalace suka hau bas tare. Wata mata ta shigo riƙe da 'yarta, gefen kan yarinyar ya kumbura kamar ƙaramar ƙwarya, ɗaya gefen duk tabon ƙuna. Mutane suka kawar da kai, wasu suka tsura ido, wanda ya fi muni. Zalika ta tashi ta ba su wuri, ta tsaya tana kallon kumburin da idon mai duba aiki. Ba ta san ko jakar da ke ƙarƙashin fatar aikin hannunta ce ba. Da suka sauka ne Chamsou ya ga tana share ido da bakin mayafi, ta ce masa kawai, "Jakar ta zauna daidai."

Zalika, ke ce kika rufe tabon 'ya'yan da ba su san sunanki ba, ba za su kuma sani ba. Ke ce kika haƙura da ƙamshin garinku don kada jikin ɗan wani ya ruɓe. An kira ki mai takaba, alhali rayayyu kike yi wa hidima. 'Yar Damagaram, mai hannun amana.

Bana idonta ya fara gajiya. Ba wanda ya lura, ita da bakinta ta je ta faɗa wa shugabar ɗakin cewa ƙura ta fara ɓuya mata a gaban fitila, gara ta sauka kafin ta cuci wani. Za ta koma gida. Kayanta kaf bai cika kwali uku ba, duk da tana zaune a garin da mutane ke cika kwantena.

Mun gode, Zalika. Allah ya saka miki, ya ba idanunki lafiya, ya sa ki tarar da gida cikin alheri. Masu tasowa su koyi riƙon amana a wajenta. Masu zama a majalisa kuma su koyi tambaya kafin su raɗa wa mutum suna. Duk wanda ke Deira ko Al Khabaisi, Al Qusais ba nisa, ƙofarta a buɗe take har ranar tafiya.

Da Chamsou ya je ɗaukar kwalayen, ya tambaye ta ko akwai abin da ya rage. Ta duba ɗakin, ba komai sai tabarmar salla.

"In ka bi ta Al Khabaisi," ta ce, "ka gaida min Hajiya. Ka ce mata ban raina 'yarta ba."