Baurin Da Ya Farkar Da Harshen Saratu

Jos zuwa Abuja

Garin Allah bai waye ba na bar gida da jaka biyu, ɗaya ta sutura, ɗaya ta daddawa da kuka da kilishi. Ƙanwata Saratu nas ce a Doha. Tun da ta yi korona harshenta da hancinta suka mutu, kome ta sa a baki sai ta ce kamar kwali. Da na gan ta a waya ta koma kamar tsinke, na rufe shagon abincina. Ni da ake layi a kan miyata, a ce ƙanwata tana ramewa? Ina!

A wani shinge bayan Akwanga soja ya zuge jakar daddawa, ya ja da baya. “Madam, rufe, ku wuce.” Da yamma jirgi ya tashi.

Al Gharrafa

A filin jirgin Hamad na tarar da Saratu tare da Malam Isiya, Bakatsinen direban da ke kai su aiki. “Yalla, mu je, Yaya, sannu da hanya,” in ji shi da guntun Larabcinsa. Na rungume ta, ƙashi kawai na ji.

Washegari a gidanta da ke unguwar Al Gharrafa na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka har maƙwabta suka leƙo. Saratu ta yi loma uku ta ture. “Yaya, ki yi haƙuri.” Banɗaki na shiga na sha kukana. Na ja ta kasuwar Souq Waqif, muka bi buhunan kanumfari da citta tana sunsunawa, shiru kake ji.

Otal

Ranar hutunta abokiyar aikinta Marta, 'yar Sifen, ta gayyace mu cin abincin rana. A Doha sai a manyan otal ake samun ruwan inabi, kuma sai ka nuna fasfo. Malam Isiya ya sauke mu yana dariya. “Nan iyakata ƙofa. Ku ci nama, ku kawo mini labari.”

Marta ta sa aka kawo gasasshen ɗan rago da jan ruwan inabin yankinsu, Riyoha. Ta ce abokin nama mai maiƙo ne da busasshen cuku, ba ya shiri da kifi. Na kurɓa. Da fari tsami kamar zoɓon da ba a sa wa sukari ba, sai ɗan zaƙin ɗinya da ƙanshin hayaƙin itace. A ƙarshe bauri ya damƙe mini baki kamar na ciji ɗanyar kanya.

Saratu ta kurɓa don kara, sai ta tsaya cak.

“Yaya, ya kama mini harshe.”

Marta ta ce bauri taɓi ne, baki yana jin sa ko ɗanɗano ya tafi. “Ci nama, maiƙon zai sake shi.” Saratu ta ci, ta ji ya saki. Ta sake kurɓa, ta sake ci. Da rabin kofi ta share faranti tas. Na zaro kilishi daga jaka, Marta ta ce ya dace, illa yajin yana sa ruwan ya yi zafi a maƙogwaro.

Daɗi ya kashe ni, amma kishi ma ya ci ni. A mota na ce da na san bauri ake nema, ai da goro na zo. Malam Isiya ya ce, “Khalas, shi ke nan, ga shi nan a aljihuna tun shekaranjiya!”

Komawa gida

Na cika wa Saratu firiza da miya, na dawo ta Abuja, na iso Jos lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Marta da Malam Isiya.

Bayan 'yan makonni ina tsakar sallamar masu cin abinci Saratu ta kira.

“Yaya, miyar nan da kika bari, gishiri ya yi yawa.”

Tun da na buɗe shago ba wanda ya taɓa gaya mini haka ya kwashe lafiya. Na zauna a kan benci da ludayi a hannu, hawaye na zuba.

Na ce, “Sake faɗi, Saratu.”