Akuyar Yabawa Ba Ta Isa Rijiya

Duk kasuwar Gure an san Kaltumi mai turaren wuta da hanci. In mai kayan ƙamshi ya miƙo mata gajiji, takan karɓa tukuna. Sai ta murza a tafin hannu, ta kai hanci, ta ɗago ta kalle shi. Kallon nan kaɗai ya isa mutum ya ce, "Tsaya, Kaltumi, in ɗauko miki na ciki." Mijinta Isufu, mai gyaran moto, wato babur, a bakin tasha, yakan ce ko ruwa aka miƙa mata sai ta sunsuna. Ba ta musa masa. Ta san inda ta koyo.

A wani ƙauye na ƙasar Bune aka haife ta. Tana shekara biyar, yayar babanta ta zo musu daga Gure. Kullum da hantsi gwaggon nan takan tona ramuka a yashi, su yi wasa da ƙwallon dabino, kullum kuma Kaltumi ke ci. Ranar tafiya gwaggo ta ce a ba ta yarinyar ta raka ta, sati biyu. Uwar Kaltumi tana tatsar akuya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Kaltumi ƴar fari ce, uwa kuwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban mutane. "Ai taku ce," in ji ta.

Sati biyun nan yau shekara ashirin da uku ke nan. Gwaggo ba ta cuce ta ba. Ita ta koya mata turare, ita ta aurar da ita. Amma tun da suka sauka a Gure ba ta sake tona mata rami a yashi ba, ko sau ɗaya. Abin da Kaltumi ta riƙe daga nan guda ne: babba ba ya barin yaro ya cinye shi a wasa haka kawai.

Shi ya sa hankalinta ya tashi da zuwan Yabawa.

Yabawa yayar Isufu ce, daga Kelle ta zo ganin likita saboda gwiwa. Mijinta ya rasu, ɗakinta babu yaro. A gidan Isufu kuwa akwai Habsu, ƴar shekara huɗu, ƴar farin Kaltumi, wadda ta ci sunan marigayiya uwar su Isufu. Kunya biyu ke nan a kan Kaltumi: ta ƴar fari da ta sunan suruka. Ba ta taɓa kiran sunan ba. "Ke" take ce mata, in da mutane ta ce "yarinyar nan". Yabawa kuwa tun daga bakin ƙofa ta buɗe hannu ta ce, "Innata! Zo ki ga ƴarki ta tsufa ta bar ki."

Kwana biyu da zuwa ta yanko murfin kartan na sukari, ta ari alƙalamin bik wajen Isufu, ta zana hanya mai lanƙwasa, gida goma sha biyu, a ƙarshe ta yi da'ira ta ce rijiya ce. Kowa da akuyarsa: ta Habsu murfin kwalba, ta Yabawa ƙwallon dabino. Ɓawon gyaɗa biyu ake jefawa. In ɗaya ya kalli sama, akuya ta yi taku ɗaya, in duka biyu ne ta yi taku biyu, in sun kife duka ta tsaya kiwo. A gida na bakwai akwai dila, wadda ta faɗa masa sai ta koma farko.

Kaltumi tana gefe kan murhu, tana juya itacen turare cikin sukari, idonta yana kan tabarma. Rana ta farko ta ce sa'a ce. Rana ta biyu ta gani ƙuru-ƙuru: akuyar Yabawa ta kai gida na goma, Habsu ta juya tana korar kaza, babban yatsan Yabawa ya tura ƙwallon dabino baya har bakin dila.

"Wayyo ni! Ya sake cinye ni! Innata, asiri kike yi mini ko?"

Habsu ta faɗi kan tabarma tana dariya. Turaren Kaltumi ya kama a gindin tukunya, abin da bai taɓa faruwa da ita ba.

A cikin sati guda yarinya ta iya ƙirga har goma sha biyu. Ta kuma daina cin tuwo sai a kwanon Gwaggo Yabawa. Likita ya sallami Yabawa tun Talata, ga Juma'a ta zo tana nan. Da Kaltumi ta shiga share ɗakin baƙuwa, jakar Yabawa tana buɗe, ta hango takalmin roba sabo, ja, wanda ba zai shiga ƙafar kowa a gidan ba sai ƙafa guda.

Da Isufu ya dawo sallar Juma'a ta tare shi a zaure.

"Malam, ka taɓa ganin akuyar Yaya ta isa rijiya?"

"Wace akuya kuma?"

"Ta wasan nan. Kwana tara, ko sau ɗaya."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Yanzu kartan ma sai kin sunsuna shi? Tsohuwa tana wasa da ƴar ƙanenta, yarinya ta iya ƙirga tun ba ta shiga makarantar lekol ba. Me ya yi saura?"

"In ta ce a ba ta yarinyar fa?"

Dariyar ta ragu. Ya sunkuya yana kakkaɓe takalmi. "Yaya ce fa. Ita ta goye ni. In ta tambaya, zan ce a tambayi uwar yarinya."

Nan ta gane ya riga ya sani, ya kuma san amsar da aka saba ji daga bakin uwar ƴar fari.

Asabar da hantsi Yabawa ta ɗaure kaya. Maƙwabta biyu sun shigo sallama, Isufu yana tsaye da jaka a kafaɗa, motar Kelle tana lodi a tasha. Yabawa ta naɗe kartan ta cusa a hammata. Habsu ta kama mata zane.

"Gwaggo, wasana!"

"Wasa Kelle za shi, Innata. Can akwai akuyoyi na gaske, da rijiya ta gaske." Ta zaro jan takalmi ta ajiye a gaban yarinyar, sannan ta juya wajen Kaltumi da murmushi. "Amarya, ba ni uwata ta raka ni mana. Sati biyu kawai, gwiwar nan ta samu mai miƙo mata buta."

Isufu ya kalli sama. Maƙwabta suka kalli Kaltumi suna jira. Amsar tana kan harshenta, kalma uku, har da muryar uwarta a ciki. Ta ji ƙamshin nonon akuya mai ɗumi kamar a gabanta ake tatsa.

Ta durƙusa a tsakar gida, ta share yashi da gefen hannu, ta tona rami goma sha biyu da yatsa, na ƙarshe ta zurfafa shi. Ta tsinto tsakuwa biyu da ɓawon gyaɗa.

"Ke. Zo ki zauna."

Habsu ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Uwarta ba ta taɓa zama ƙasa da ita a gaban mutane ba.

"La'ilaha," in ji maƙwabciya ɗaya, hannu a baki. "Kaltumi, da ƴar fari?"

"Jefa," in ji Kaltumi.

Suka yi ta jefawa. Kaltumi ba ta tura komai baya ba, ba ta kau da ido ba. Akuyar Habsu ta faɗa wa dila ta koma farko, yarinyar ta ɗago tana jiran a ce ba komai, ba a ce ba. Tsakuwar Kaltumi ta faɗa rijiya.

"Na ci."

Habsu ta buɗe baki ta tsala ihu, ta cire takalmin ta yi jifa da shi. "Ba ki ci ba! A sake!"

"Innata, mota za ta tashi," in ji Yabawa. "Zo, a Kelle kullum ke za ki ci."

"Ba ni zuwa! Sai na cinye ta!" Ta riga ta kwaso ɓawon gyaɗa tana kuka tana jefawa.

Yabawa ta daɗe a tsaye. Abin da Kaltumi ta gani a fuskarta ba fushi ba ne, kuma hakan bai yi mata daɗi ba. Fuskar mace ce da za ta koma ɗakin da ba motsin kowa. Amma Kaltumi ba ta tashi daga ƙasa ba.

"Amarya, ashe kin iya wasa."

"An koya mini tun ina ƙarama, Yaya."

Yabawa ta zare kartan daga hammata ta jefa kan tabarma. Ta kwance bakin zane, ta fito da ƙwallon dabinonta, ta dangwara shi a gidan farko. "Ku ajiye mini akuyata. Likita ya ce in dawo bayan salla."

Suna fita Kaltumi ta bi ƙwallon da kallo. Ta san takardar likitan, a hannun Isufu ta gan ta, kuma shi da bakinsa ya ce an sallami Yaya gaba ɗaya. Ta ɗauki ƙwallon, ta juya shi, har ta kai shi hanci ba ta sani ba.

"Jefa mana!" in ji Habsu, tana jan majina.

Ta jefa.