Warin Tafarnuwa a Ɗakin Buhuna

'Yan shekarun baya, ina aji ɗaya a sakandare, na taɓa kiwon ɓeraye. Mai dariya ya yi, ni ma sai yanzu nake iya faɗa.

Ƙanin mahaifina yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Dutsin-Ma, inda ake ajiye fararen ɓeraye. Wata rana ya shigo gidanmu da guda biyu a ɗan kejin waya, don kawai ya tsokani mahaifiyata. Ta kuwa tsokanu. "Malam, ɓerayen gidan nan ba su ishe mu ba, sai ka ƙaro mana na boko?" Kowa ya yi dariya. Ni ina gefe ina kallon yadda ɗaya ta riƙe ƙwayar gero da hannu biyu kamar tsohuwa da goro. Ban ce ina so ba, ban iya cewa ina son abu ba. Shi ya lura da ni, ya ce, "To ga mai su nan."

Duk biyun mata ne. Ɗaya kunnenta na hagu a tsage yake. Ɗayar ba ta cin abinci sai ta kai shi lungu ta juya wa kowa baya, ita nake ganin halinmu ɗaya. Na koyi sauya musu ƙaiƙayi kafin ya fara wari, ina zuba musu ruwa a murfin kwalba. A makaranta ko ƙawata ban gaya wa ba.

Da aka yi hutu bayan girbi, aka ce in tafi Kurfi wurin kakata. Mahaifiyata ta ce ita ba za ta ciyar da ɓera ba, in san yadda zan yi. Na sa kejin a kwali, na rufe da tsohon hijabi, na rungume shi a mota har muka isa.

Kakata kuwa ba ta da abokin gaba kamar ɓera. Ina sauke kaya ta nuna wani ɗaki a ƙarshen gida ta ce, "Kar wanda ya shiga ɗakin can." Ni da wayona sai na ga ai na samu maɓoya.

Da ta shiga sallar la'asar na lallaɓa na tura ƙofar. Buhunan wake ne jibge. An toshe tagar da tsumma, ɗakin yana wani wari kamar na tafarnuwa. A bakin wani buhu na hango ɗan ƙullin ƙyalle. Na lura babu kiyashi, babu ko ƙuda ɗaya, sai matattun ƙwari a ƙasa. Duk na gani. Na ajiye kejin bayan buhuna na ja ƙofar.

Na dawo na zauna kusa da kakata tana ɓarar gyaɗa. Tambayar ta zo har bakina, amma in na ce mene ne wannan warin, na tona kaina na shiga. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, bakin naki a Dutsin-Ma kika baro shi?" Na ce, "Ba komai, Kaka."

Washegari da hantsi na tafi da gyaɗa a hannu. Mai tsagaggen kunne tana kwance gefen murfin ruwa, ta sandare. Ɗayar tana lungunta, ta juya baya, cikinta na ɗan motsi. Na ɗauko ta na fito da gudu, na manta da wani ɓoyo.

Kakata ba ta ko kalli hannuna ba. "Ɗakin can kika shiga? Innalillahi! Ƙwayar maganin ƙwari ce a ƙulle cikin buhunan nan, ko mutum tana kashewa!" Ta ja ni bakin randa ta wanke mini fuska, tana tambaya sau nawa na shiga, ko kaina na ciwo. Sai da ta tabbatar lafiyata lau sannan ta ce, "Mi ne ne wannan kika riƙe?"

Na ce, "Tawa ce."

Na jira faɗa, bai zo ba. Ta ɗauko nono a ludayi tana ɗiga mata da tsinken tsintsiya. Ba ta sha ba. Kafin azahar cikin ya daina motsi a tafin hannuna.

Kakata ce ta haƙa musu rami da 'yar fartanyarta a gindin zogale. Tana haƙa tana cewa, "Shekara da shekaru ina kashe danginsu, yau ga ni ina yi musu kabari. In kika faɗa wa wani, ni da ke ne." Da ta mayar da ƙasa ta ce, "Kin ji warin?" Na ce na ji. "Kin ga ƙullin?" Na ce na gani. "To mi ya hana ki tambaya?"

Ban ba ta amsa ba, har ta rasu bara.

Na koma gida da keji wayam. Mahaifiyata ta kalla, ta ci gaba da aikinta. Ƙanin mahaifina ya ce zai kawo wasu, na ce a'a. Kejin yana nan rataye a bayan madafa, kuma duk ranar da ake dakan tafarnuwa nakan samu wani aiki a waje.

Yanzu nakan ɗaga hannu a aji in yi tambaya. Amma ba zan ce abin ya wuce ba. Ɓerar tawa ma ta ji warin nan a lungunta, ba ta da bakin tambaya. Ni ina da shi.