Gwiwar Habiba

Har yau ban manta da ranar da na hana Habiba shiga fili ba, kuma ina so ku da kuka fara aikin horarwa ku ji yadda aka yi.

'Yar baya nake bugawa a ƙwallon ƙafa lokacin da nake ɗaliba a kwalejinmu nan Jalingo. Da na daina wasa sai na yi kwas, na zama mataimakiyar koci, daga baya aka damƙa mini ƙungiyar 'yan matan gaba ɗaya. A shekarar da na karɓe ta muka kai wasan ƙarshe na gasar manyan makarantu. A irin wannan wasa ne masu zaɓar 'yan wasan jiha kan zo su zauna a gefe, yarinyar da ta burge su sai su kira ta sansanin horo. Habiba, 'yar unguwar Majidaɗi, ita ke ci mana ƙwallo, kuma kowa ya san ita suka zo gani.

Kafin mu fita, mun tsaya sallar azahar a ɗakin canza kaya. Na riga Habiba idarwa. Da ta zo zaman tahiya sai na ga ta miƙar da ƙafar dama gefe, ta kasa lanƙwasa ta. Da ta idar na ja ta waje, na ce ta naɗe wando. Gwiwar ta kumbura, ga zafi rau. Ashe faɗuwa ta yi a atisaye ta ɓoye, kakarta na gasa mata da ruwan zafi a gida.

Dokar gasa ita ce koci ta miƙa wa alƙalin wasa sunayen 'yan wasanta kafin a fara, wadda babu sunanta ba ta shiga ko a canji. Shugaban sashen wasanni ya same ni kafin in miƙa.

"Koci, ki sa ta ko rabin lokaci ne. A ba ta maganin ciwo."

Na ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, ba zan sa ta ba."

"In aka ci mu, ke za ki yi bayani."

Na ce na yarda.

Habiba kuwa kuka take yi. "Koci, don Allah! Mutanen nan ba za su dawo saboda ni ba."

Na zauna a ƙasa kusa da ita, na naɗe nawa wandon, na nuna mata tabon ɗinkin da ke gwiwata. Na ce, "Ni ma an sa ni na buga da irin wannan kumburin. Mun ɗauki kofin. Tun ranar ban sake gudu ba."

Ta taɓa tabon da yatsa a hankali. "Har yanzu yana miki ciwo?"

Na ce, "Da damina."

An ci mu ɗaya mai ban haushi. Habiba na gefena a benci, tana yi wa 'yan uwanta ihu har muryarta ta dushe. Washegari na kai ta asibiti, likita ya ce jijiya ta fara yagewa, sai dogon hutu. Masu zaɓe suka ɗauki wata yarinyar. Habiba ta daɗe ba ta yi mini magana in ba gaisuwa ba.

Wata Asabar sai ga kakarta a gidana a unguwar Sintali da ƙwaryar fura da nono, Habiba na biye da ita tana takawa daidai. Tsohuwar ba ta jin Hausa sosai. Ta riƙe hannuna biyu tana cewa, "Useko, useko." Habiba ta sunkuyar da kai ta ce, "Wai ta gode." Can ta ƙara da cewa, "Ni ma."

Ta dawo ta buga mana har ta gama karatu. Jiha ba ta taɓa kiranta ba. Yanzu tana koyar da wasanni a wata firamare a Yelwa, tana tsere da yara.

Abin da na koya shi ne, yarinya mai son ƙwallo ba za ta ce miki ta ji ciwo ba. Ke za ki duba, ke za ki ce a'a, kuma ki daure da fushinta har ya huce.