Zaren da Malama Sherifat Ta Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, goma ga Sha'aban na wannan shekara ta 1975, mota ta buge maƙwabciyata Malama Sherifat a mahaɗar titin Bata, tana dawowa daga makarantar da take koyar da lissafi a Sabon Gari. Motocin nan da suka cika gari tun da kuɗin mai ya shigo. Kafin la'asar ta cika.

Malama, kin san halin ƙanwata Gumsu. Sai ta yi wata da watanni lafiya lau, tana saƙar huluna, rana ɗaya ciwon ya tashi, ta fita ba mayafi, sai a bakin tashar jirgi a samo ta. Mutanen Fagge suka ce tsayuwar wata ce ke tayar da shi. Ke ce kika ce a bari a gani.

Kika kawo mini zare da duwatsun sarƙa, farare da jajaye. Duk safiyar da Gumsu ta tashi ta yi barci sosai, in zura fari. In ba ta yi ba, in zura ja. Ran Juma'a ki zo ki shimfiɗa zaren a tabarma, ki auna tazarar jajayen, ki yi ta lissafi a bayan allon karatuna. Na ji tsoro, na ce, “Malama, anya wannan ba duba ba ne?” Kika yi dariya, kika ce, “Haba Yaya! In kin ga hadari kin kwashe shanya, duba kika yi?”

Ashe babu ruwan wata. Barcin ne ke fara raguwa, a kan wani tsari da ke kaɗai kika gane. Sau uku kina cewa, “Makon nan ku kai ta asibiti,” muka kai ta tana tafiya da ƙafarta, ba igiya, ba yara suna bin ta. Kin so ki koya mini. Na ce kaina ba zai ɗauka ba, ai kina nan.

Har yau ban fasa zurawa ba. Jajayen sun fara yawa, Malama. Na kai wa likita zaren, ya juya shi, ya ce yana da kyau, ya miƙo mini. Jiya Gumsu ta tambaye ni, “Yaya, lokaci ya yi ne?”

Ina yi wa maigidanki Alhaji Yekini da yara da dukkan dangi ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya suturta ki kamar yadda kika suturta ƙanwata. Mu kuma Allah Ya dube mu, don yau ma ja na zura.